Tifar Yashi Ɗaya a Filina na Gumel

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar taka? Yaya Anti Rabi da yara? Mu nan London sai godiya.

Ranar Asabar 'yata Amira ta ja ni unguwar Stratford kallon wani gida da ake ƙerawa a masana'anta. Wai in na yi retire sai ta yi order, a kawo shi Gumel a kwantena, a harhaɗa a filina cikin 'yan kwanaki. Gidan ya yi kyau, Yaya, har na zauna bakin taga na ƙi tashi. Ta ce, "Mama, kin huta da magina."

Muna dawowa a tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, na lumshe ido, sai ga ni a filin nan kan tabarma, magina suna kwaɓa siminti, ina miƙa musu kunu. Mata suna wucewa suna cewa, "Sannunku da aiki, ginin wa?" Wata tsohuwa ta tsaya ta ce ta san Inna.

Na daɗe da barin gida. In gida ya sauko daga mota rana ɗaya, wa zai tsaya ya tambayi ko ni 'yar wace ce? Gara a yi ginin a hankali, gari ya saba da ni.

Ka gaida kowa, a sa ni a addu'a. Kuma don Allah ka sa a juye tifar yashi ɗaya a filin. Duk wanda ya tambaya, ka ce Ladi ce za ta dawo.

Ƙanwarka,
Ladi