Inna, Na Kasa Koyon Irin Jiranki

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Greensboro, nan ƙetaren teku. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma, sai dai ɗan'uwana Sani ya karanta miki a tsakar gida. Amma babu wanda zan gaya wa sai ke.

Sani ya ce da tukwanen da kika gina da hannunki aka rufe kabarinki a Mirriya. Ban zo ba, Inna. Bizata ta daɗe da mutuwa, kuma lauya ya ce in na fita ƙasar nan, ƙofar dawowa za ta rufe shekaru masu yawa. A falo na zauna makokinki, matan Nijar da ke titin High Point Road suka zo da shinkafa da addu'a. Washegari na shiga bas na tafi aiki.

Mijina Isufu yana lafiya, yana nan yana lodin kaya a sito. Jikarki Mariyama ta yi tsawo, ta kusa kamo ni. In na yi mata Hausa, da Turanci take amsawa.

Har yanzu ina kula da Dakta Lin a unguwar Irving Park, tsohon likitan nan ɗan asalin Sin da ɓarin jikinsa ya shanye. Da farko tashinsa daga gado yaƙi ne. In rungumo shi in ja da ƙarfina duka, shi ya sandare, bayana ya riƙe. Wata safiya ya ce in daina ɗaga shi. In ɗora hannu kawai a kafaɗarsa, in jira har jikinsa ya fara karkatowa da kansa, sannan in bi shi. Na gwada. Ya miƙe kamar ba shi da nauyi. Ya ce a ƙasarsu akwai tsohuwar koyarwa da suke kira Tao: aiki mafi kyau shi ne wanda ba a tilasta ba, mutum ya lura da inda abu ya nufa ya tafi tare da shi, sai zuciyarsa ta zauna lafiya.

Na shiga banɗaki na yi kuka, don ke ya kwatanta mini. Ban taɓa ganin kina kokawa da yumɓu ba. Kina taɓa shi ki ce bai shirya ba, ki rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma ki tafi tankaɗe. In ya shirya, sai tulu ya taso tsakanin tafukanki kina hira da maƙwabta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ranar da zan taho, a tashar Damagaram, na so ki riƙe ni. Na so ki ce kada in tafi. Gyara mini kallabi kawai kika yi, kika ce Allah ya kiyaye hanya. Na daɗe ina jin zafin wannan. Yanzu ina tunanin kin ga inda na riga na karkata ne. Haka ne, Inna? Ko a gida kika yi kukan?

Na gwada a kan Mariyama. Na daina yi mata tsawa kan salla, na daina jan kunnenta kan Hausa. Ina shimfiɗa darduma biyu in yi tawa. Wani lokaci takan zo ta tsaya gefena. Sau da yawa ba ta zuwa, sai in ji ƙirjina yana tafasa alhali bakina a rufe. Wannan ba natsuwa ba ce. Shiru ne kawai.

Nan na maƙale. Lauya ma cewa yake babu abin yi sai jira. Amma ke kina jira ne don kin san abin da ke zuwa. Ni ina jira ne don an ɗaure ni. In na ga motar 'yan sanda a bayan bas, nakan sunkuyar da kai. Ta yaya zan bi abu inda ya nufa, alhali ban san inda ya nufa ba? Na tambayi Dakta Lin. Ya kalli ƙafarsa da ba ta motsi, sannan ya ce shi ma bai gama koyo ba. 'Ya'yansa za su kai shi gidan tsofaffi bayan hunturu, aikina zai ƙare ke nan.

An sa mini ranar shiga gaban alƙali kan maganar bizar. In ya ce in tafi, zan ga kabarinki, amma Mariyama 'yar ƙasar nan ce, nan za ta zauna da ubanta. In ya ce in zauna, shari'ar za ta ci gaba da ja, ke kuma sai a mafarki. A sujada nakan rasa wanne zan roƙa. Sai in ce Allah ya zaɓa, in daɗe ban ɗago ba.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sada mu inda ba a tambayar takarda. Ki huta, Inna.

Taki,
Zainabu, uwar Mariyama