Buhunan da Na Kai Zandam

Birnin Kudu,
17 ga Maris, 1974.

Zuwa ga Yaya Badaru, a tashar jiragen ruwa ta Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Kubra da yara. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Jummai ta yaye Datti, yana ta ɓarna a tsakar gida. Farin bana kuwa ka ji labarinsa, amma gani ya kori ji. A Zandam yanzu gidan da ake ɗora tukunya sau biyu a yini shi ne gidan masu hali.

Yaya, na yi abin kunya, kuma gara ka ji daga bakina. Kamfaninmu na Kano ya gama ƙera wata sabuwar bas da za a ɗora a jirgi zuwa ƙasar waje, aka ba ni gwajinta. Ba a gwaji da mutane. Buhun yashi ake ɗorawa a kowace kujera, a madadin nauyin fasinja, buhu hamsin da biyu. Malam Abdulsalami, babban makanikenmu, ya ce yana son hanya mai gargada don ya ji birki da sifirin. Akwai irinta birjik kusa da Kano, amma ka san halin ƙanenka. Na ce masa babu kamar hanyar Gwaram, wadda ta bi ta Zandam. Gaskiyar magana, so nake a gan ni a garinmu riƙe da sitiyarin motar da za ta haye teku.

Tun daga bakin gari nake danna hon. Ban tuna da abin da mai yunwa zai gani ta taga ba sai da na tsaya a ƙofar gida. Kafin in sauko, magana ta zaga cewa Maikuɗi ya kawo hatsi. Mata suka fito da ƙorai. Bappa Iliyasu ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce ɗan halak bai manta mafari ba, ya ja doguwar addu'a, jama'a na amsawa. Wallahi Yaya, sai ga ni ni ma ina cewa amin. Na tsaya ina shafa fatiha tare da su, har Bappa ya sa aka sauke buhu ɗaya, ya kwance bakinsa da kansa, ya zura hannu.

Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga da na ji sauƙi. Kowa ya kife ƙwaryarsa ya juya. Inna kuwa ta ce a shigar mata da buhun ciki, ai da yashi ake suyar gyaɗa, dama tana nema. Yaya, rabon gidan nan da gyaɗa tun kakar bara. Sannan ta ce baƙo ba ya zuwa ƙofarta ya tafi haka, ta dama mana fura, ni da Malam Abdulsalami. Sai da muka sha ƙanwarmu Zahara'u ta raɗa mini cewa geron iri ne Inna ta sauke daga rumbu.

Mun dawo, na sa hannu a takardar gwaji cewa mota ba ta da aibi ko ɗaya. Haka ne kuwa, duk aibin yana kujerar direba. Na ɗauki hutu na zo Birnin Kudu, na samu tiya huɗu ta iri a wajen wani abokina na Kangire. Gobe zan kai wa Inna, a kan jaki, ta bayan gari. Ka rubuta wa Bappa ka ba shi haƙuri, don ni har yanzu ban iya haɗa ido da shi ba.

Motar za ta biyo ta tasharku a watan gobe, shuɗiya ce mai farin rufi. Idan ka gan ta, kada ka ce wa kowa ƙanenka ne ya gwada ta.

Ka gaishe da Anti Kubra, da Balarabe, da Turai sarkin surutu. Jummai na gaisuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naka ƙane,
Maikuɗi.