Turke ya karye a saiwar haƙorina

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana, don mutanen tashar Kubwa sun san ni. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku fara yin dariyarku, ni da furfurata na sa filaya a bakina.

Haƙorina na gaba ne ya taɓa karyewa, likita ta wanke saiwar, ta kafa wani siririn turke a ciki, ta ɗora sabon kai. Na yi shekara da shekaru ina cin rake da shi. Kwanan baya dasashin ya kumbura, ruwa na fita, na koma, ta ce ciwo ya shiga ƙarƙashi, sai an cire turken an sake wanki, in dawo wani mako. Ni kuwa da na ji turke, na ɗauka ƙusa ce, sai na ga meye na jira, na ari filaya wajen mai faci, na tsaya gaban madubin bas. Kan ya fito a hannuna, turken ya karye can ciki.

Da na koma wajen likitar ta leƙa bakina, sai ta yi min bayani. Ashe ba ƙarfe ba ne, wai zare ne kamar na gilashi da aka daskare da gam, launinsa ɗaya da haƙori, ba a zare shi, sai dai a bi shi da inji a cinye kaɗan-kaɗan. Wurin da za ta fara kamawa na lalata, in injin ya kauce ya huda saiwar, shi ke nan. Zaɓi biyu ne: ko ta gwada ba alkawari, ko a tumɓuke gaba ɗaya a sa na roba.

Babbar 'yata ta yi ta faɗa, wai a cire kowa ya huta. Ni kuma aikina kiran fasinja da fito, kwana biyun nan iska kawai nake hurawa, direbobi na ta tsiya. Kuma saiwar nan tawa ce, da ita na zo Abuja.

Wanda aka taɓa yi masa, in bar likitar ta gwada ko in haƙura? Ciwon na ƙaruwa.

Ran nan da zan fito daga wajen likitar ta ce, da Hausarta ta koyo, “Baba, in ni ya gyara, wa zai hana kai taɓawa?”