Rahoton Babanki Daga Cikin Maganaɗisu

Zuwa ga autata, 'yar albarka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki masu leƙen sama. Ya sanyin wurin naku? Mu nan sai godiya, kasuwar takalma tana motsi kaɗan-kaɗan.

Albishirinki, Babanki ya shiga injin.

Kin san yadda muka sha fama. Ƙafar dama ta mutu masa har ya kasa taka keken ɗinki, likita ya ce sai an ɗauki hoton bayansa a injin nan mai maganaɗisu, shi kuwa ya kafe. Kuma ke kika jawo mana. Tun zuwanki hutu da kika zauna kina ba shi labarin mataccen tauraron da kike nazari, magnetar, wai girmansa bai wuce gari guda ba amma maganaɗisunsa zai wargaza jikin mutum tun daga nesa, wai in ɓawonsa ya tsage yakan yi walƙiyar da rana za ta yi dubban shekaru ba ta fitar da irinta ba. Ke kin tafi, shi ya riƙe. Ya ce ba mai cusa shi a bakin ƙanen wannan abu. Likita ya lallashe shi, kawunki ya yi faɗa, ni na yi kuka na gaske da na ƙarya, duk a banza.

Sai ga saƙonki. Na ɗauka za ki ce masa babu haɗari, abin da kowa ya faɗa ya gaji. Ashe jinina ne a jikinki! Kika ce shekarunki nawa kina bin maganaɗisun da ba za ki taɓa kusantarsa ba, ga shi a gidanmu an sami mai shiga cikin wani, don Allah ya shiga ya faɗa miki yadda ake ji. Ni da na tsufa ina sayar wa mutane takalmin da ba shi suka zo nema ba, na sara miki.

Washegari ya sa babbar rigarsa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Nas ta sa ya tuɓe, ta yi ta zare allurai daga hularsa da bakin aljihu, tana tambaya ko shagon ya kwaso gaba ɗaya.

Hoton ya nuna jijiya ce ƙashi ya danne. Za a yi masa aiki, kuma likita ya ce da mun ƙara jinkiri da ƙafar ta tafi ke nan. Da na ji haka sai da na zauna a benci. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki masu yi miki fiye da haka.

Ga rahotonsa, ya ce in rubuta ba ragi. Babu zafi, babu walƙiya, ƙara ce kawai kamar keken da aka manta ba a sa wa mai ba. Ya ce ki gaya wa manyanku su duba tauraron nan da kyau, wataƙila shi ma mai yake so.

Yana gaishe ki, yana kuma tambaya ko akwai wani injin da kike so ya shiga.

Ni ce mahaifiyarki,
Mai Takalma