Katina a Hannun Rediyo

Litinin, 3 ga Maris
Kwana huɗu ke nan da kumburin nan a gabana, ɓangaren hagu, kamar ƙwan tantabara. Zama a kujerar ɗakin kati ya zama aiki. Na ce wa abokiyar aikina Rediyo bayana ne ke ciwo.

Laraba, 5 ga Maris
Shekara goma sha ɗaya ina jera katin marasa lafiya a asibitin nan, bango ɗaya ne tsakanina da likita, amma na kasa shiga. Na san dalili. Duk katin da ya fito daga wurinta ta hannunmu yake bi. Ni ke buɗewa in karanta, Rediyo ta watsa, shi ya sa ake ce mini Eriya. Bara da katin matar mai gyaran agogo ya zo, na ga an rubuta gyambo a gaba, na ce, "Su wance an je yawo." Kafin sati unguwa ta ɗauka. Yau ga ni. Tsoro nake ji, wallahi.

Asabar, 8 ga Maris
Na shafa man zafi. Wayyo Allah! Fatar ta saɓule, ga kumburi ga gyambo. Garin neman gira zan rasa ido. Maigida ya ce, "Wai wace irin tafiya ce wannan?" Na ce takalmi ne.

Talata, 11 ga Maris
Zazzaɓi ne ya kai ni, ba hankali ba. Likita ta duba, ta ce, "Haba Yaya, ke da kike cikin gida?" Wai wata 'yar hanyar ruwa ce a wurin ta toshe, ta tara mugunya. Ta tsaga ta fitar, ta rubuta ƙwayoyi, ta ce in riƙa zama cikin ruwan ɗumi, kuma kada in ƙara shafa komai da ka. Ta ɗebi jini, don akwai gyambon da ake ɗauka ta saduwa, wani ma ba ya ciwo, ya warke da kansa cutar na nan a ciki. In haka ne sai an yi wa maigida magani shi ma. Na ce ashe ba duka ba ne na yawo. Ta ce, "Ko wanda aka ɗauka ɗin, ai ciwo ne, ba shari'a ba."
Na roƙa ta ba ni katin in jera da kaina. Ta ce doka ba ta yarda ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Jini lafiya lau. Na gaya wa maigida komai. Ya ce, "To takalmin ya warke?"

Litinin, 17 ga Maris
Na koma aiki. A ƙofa aka gaishe ni kamar kullum, ba wanda ya bi ni da kallo. Na tarar da matashi mai taushi a kujerata. Rediyo ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Na ciwon bayan ne." Ta karanta katina ke nan. Kuma ta yi shiru, Rediyo guda! Kunya ta kama ni fiye da ranar da na kwanta gaban likita.

Alhamis, 20 ga Maris
Katin 'yar maƙwabciyata ya zo yau, da kauri, har takardar gwaji na leƙowa. Na tura ta ciki da yatsa, na sa shi a layinsa. Aiki ne ya yi yawa, ba wani abu ba.