Gashin Tafkin Garin Goni

Alhamis, 17 ga Yuli 1975

An rufe lakwal, makarantar da nake koyarwa, na bar matata A'i da yara a Magariya na taho gida Garin Goni. Tafkinmu ya kawo ruwa. Shekara uku rabon da in ga haka. Tun daga kan amalanke na hango shi yana ƙyalli, sai na tuna marigayi Baba bai kai ga gani ba.

Na sake yi wa Inna maganar da ta kawo ni. Ita kaɗai a gida, ga tari, ga ido ya fara hazo, shanu saura biyu. Ɗaki na nan na gyara mata a Magariya, asibiti kusa. Ta bar ni na zuba har na gaji, tana ta tsinkar zogalenta. Sannan ta ce, "Mushe, mu jira gashin tafki ya tsiro. In mai laushi ya fito, ruwan na nan da daɗinsa, ni ma ina nan. In mai ƙaya ne, kanwa ta ci tafkin, sai ka sa ni gaba."

Mushe. Da yake ni ne ɗan fari ba ta taɓa kama sunana ba. Da can "kai wannan" nake, yanzu na samu ƙarin girma, tana kirana yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci.

Na yarda. To me zan ce?

Talata, 22 ga Yuli

Na buɗe littafin tsirran nan na Faransanci da na taho da shi tun ina karatu a Damagaram, da gilashin ƙara girma. Ashe gashin tafkinmu na ciki, su Najas suke ce masa. Tun daga saiwa har kai a cikin ruwa yake rayuwa, ko leƙowa ba ya yi. Furensa ma a ƙarƙashin ruwa yake buɗewa, ɗan mitsitsi a hammatar ganye, ba ƙudan zuma, ba iska, ruwan ne ke kai saƙo tsakaninsu. In tafki ya ƙafe sai ya mutu, ya bar ƙwayarsa a taɓo.

Wato duk shekarun nan da shanunmu ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a kan busasshiyar ƙasar, ƙwayar na kwance ƙarƙashin ƙafafunsu tana barci. Na daɗe zaune da wannan tunanin har furata ta tsinke.

Lahadi, 3 ga Agusta

Ba komai. Kwaɗi kawai.

Laraba, 13 ga Agusta

Da hantsi na kwanta rub da ciki a kan kututturen giginyar da ya faɗa cikin ruwa. Ruwan ya kwanta, ya yi garai-garai. Gajimare na tafiya a cikinsa sannu sannu. Ban san sadda na koma ɗan shekara bakwai ba: na nutse, na buɗe ido, koren gashin nan yana lilo ko'ina, rana tana saukowa zare-zare, ƙafafun shanu tsaye a ciki kamar turakun rumfa. Muryar Baba daga sama, can nesa, yana kiran jar saniyar nan tasa.

Baffa Illo, ƙanen Baba, shi ya tashe ni. Wai, "Mushe, kifi kake koya wa karatu?"

Ina son Inna ta zo Magariya. Na rubuta don kada in manta.

Asabar, 23 ga Agusta

Ya fito! Wajen da ruwa ke kai gwiwa, siriri, kore shar, yana kaɗawa ba iska.

Na ciro don in busar da shi cikin takarda kamar sauran ganyaye. Ina! Yana barin ruwa sai ya dunƙule kamar jiƙaƙƙen gemun akuya. Takarda uku na ɓata, raina ya ɓaci. Inna na gefe tana jin tsakina. Ta ce in mayar da shi cikin ƙwarya da ruwa, in bar shi ya sake jikinsa, sannan in zura takardar ta ƙarƙashi in ɗago a hankali, yadda take kwashe mai daga kan nono. Na yi. Wallahi sai ga shi a shimfiɗe, kowane ganye da wurinsa, kamar an zana. Shekara nawa ina lakwal ba wanda ya koya mini wannan.

Ta sa hannu a ƙwaryar, ta ɗebo kaɗan ta goga a bayan hannunta. Ta tashi ta koma kan aikinta.

Litinin, 25 ga Agusta

Na ɗora gilashi a kan ganyen. Haƙora! Jere reras a gefe da gefe, masu tsini, kamar bakin lauje. Gabana ya faɗi, kuma, ba zan yi wa kayen nan da nake rubutu a ciki ƙarya ba, wani sanyi ya ratsa ni. Shi ke nan, Inna za ta biyo ni.

Bayan la'asar na kai ganyen da gilashin gindin tsamiya. Maigari ya duba, dattawa suka bi layi suna leƙa gilashin, kowa ya ɗago sai ya ce innalillahi. Na ce musu mai ƙaya ne, yana ƙarami ne shi ya sa bai fara suka ba. Da muryar aji na faɗa, har da ɗaga yatsa. Baffa Illo kaɗai bai leƙa ba, wai idonsa na ruwa.

Na gaya wa Inna. Ta ce, "To."

Juma'a, 29 ga Agusta

Tana ɗaure kaya. Ta ba maƙwabta tukwane biyu da turmi. Ƙorenta na jere ta sauke su ɗaya ɗaya tana shafawa. Kullum da safe sai ta tafi bakin tafki ta zauna, ƙafafu cikin ruwa, ba ta wanki, ba ta ɗiba. Na hange ta daga nesa, ita da inuwarta a ruwan, ban iya ƙarasawa ba.

Na ji wasu gidaje biyu ma sun fara zancen komawa wajen danginsu a ƙetaren iyaka. Ba ni na ce su tashi ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Mun kora shanun biyu ni da Baffa Illo zuwa wajen Gwaggo, ta hanyar Dungas, ita za ta riƙe su. Da rana ta take muka tsaya a wani tafki mai farin baki, kanwa ta yi masa rawani. Na tuɓe takalmi na shiga in wanke ƙafa.

Wash! Kamar na taka ƙarangiya. Na laluba na ciro. Kauri gare shi, yana karyewa ƙaras-ƙaras, ƙaya a gefen ganye, ƙaya a bayan ganye, ƙaya har a jikin kara, ana ganinta daga tsayin hannu. Yatsana har da jini.

Baffa na zaune a inuwa yana tauna goro. Ya ce, "Wannan kam ba ya neman gilashi, Mushe."

Na sa takalmina, muka ci gaba da kora har muka isa. Bai ƙara ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Juma'a, 5 ga Satumba

Shafi na gaba a littafin tsirran. Yana nan a rubuce: mai laushin ma yana da 'yan haƙora, sai da gilashi ake ganinsu, kuma a gindin ganyensa akwai kunnuwa biyu dogaye. Na duba namu, ga kunnuwan nan. Shafi ɗaya tak! Ban juya ba ne don na riga na samu abin da nake so.

Ba wanda zai buɗe littafin nan in ba ni ba. In na yi shiru, jibi amalanke zai zo.

Asabar, 6 ga Satumba

Na same ta tana ƙulle buhun gero. Na durƙusa. Na ce, "Inna, na yi kuskure. Mai laushi ne."

Ba ta ko ɗago ba. "Na sani. Hannuna ya gaya mini tun ranar."

"To me ya sa kika ɗaure kaya?"

"Ka faɗa a gaban maza. Ni zan ƙaryata ka?"

Ashe da tafkin, da kushewar Baba, da ƙorenta, duk za ta bari don kada a ce Mushe bai sani ba. Na yi kuka kamar yaro, kaina a kan buhun. Ta ce in tashi kada in jiƙa mata gero.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na koma gindin tsamiya da ƙwarya, ba gilashi. Na ce kowa ya sa hannu. Na faɗi abin da na yi, ban rage ba. An yi mini dariya son rai, Maigari ya ce lallai gilashin nan ya iya mai da ƙuda ungulu. Na sha. Gidajen nan biyu sun fasa tafiya. An mayar wa Inna turminta, tukunya ɗaya dai ta riga ta fashe.

Gobe Baffa zai koma ya koro shanun. Ya ce ni zan bi shi, tunda ni na iya hanya.

Laraba, 1 ga Oktoba, Magariya

An koma lakwal, ga azumi, yara sai hamma. Ɗakin da na gyara wa Inna, A'i ta zuba wake a ciki. Tarin na nan, na aika da magani. Raina bai kwanta ba, kuma ba zai kwanta ba.

Na taho da gashin tafki cikin kwalba, da ɗan taɓonsa, yana kan taga. Yau ina tsakiyar darasi na tsinci kaina ina kallonsa har yara suka fara dariya.

An ce lakwal ɗin Dan Ciyawo na neman malami. Daga can zuwa Garin Goni tafiyar hantsi ce. Na tambayi darakta yadda ake rubuta takardar neman canjin wuri. Tambaya ce kawai.

A'i ta ce ta ga na sayo ambulan.