Ƙurjin da Ya Raba Ni da Jikana

Litinin, 6 ga Mayu

Matar Babban nawa, ɗana na fari, ta sauka, namiji. Bai cika watanninsa ba, ɗan firit kamar ɗan tsako, amma yana shan nono. Alhamdulillahi. Kwana biyu ina kan bencin asibiti ba barci. Leɓena na sama yana ƙaiƙayi, na san alamar.

Talata, 7 ga Mayu

Ya fito. Ƙurjin nan da ke biyo zazzaɓi, ya ɗuri ruwa a gefen baki. Na miƙa hannu zan ɗauki maigidan nawa, sai nas ta tare ni: "Baba, dakata, mu ga bakin nan." A gaban surukata da uwarta. Wai ƙwayar cuta ce, tana kwance a jikin mutum tun ƙuruciya, gajiya ko zazzaɓi ko damuwa ke tayar da ita. Ga babba ba komai, ga jariri kuwa tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Na ce 'ya'ya shida na raina da wannan bakin. Ta ce, "Allah ne ya tsare, Baba."

Alhamis, 9 ga Mayu

An sallame su. Na gyara ɗakin, na shimfiɗa zanen gadon da na ɗinka da hannuna. Da na zo karɓar jaririn, surukata ta ƙanƙame shi, kanta a ƙasa. "Mama, ki yi haƙuri, sai bakin ya warke." Yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Shi kuwa Babban nawa ya tsaya yana sosa ƙeya.

Uwarta ce ta yi masa wanka. Ina jin kukansa ta bango.

Juma'a, 10 ga Mayu

An ware mini kofi da tawul, kamar mai kuturta.

Asabar, 11 ga Mayu

Na fasa ƙurjin da allura na goga man goge baki, don ya yi saurin bushewa. Sai ya kumbura, ya ƙara faɗi, yana zugi. Mai kemis ya yi mini faɗa kamar ƙanwarsa. Ya ce ruwan cikin shi ne cutar, fasawa yaɗawa ce. Ya ba ni man shafawa, ya ce da tun ranar da ya fara ƙaiƙayi na zo, da aikin ya fi sauƙi. In wanke hannu, in bar taɓawa, in jira ya yi ɓawo ya faɗi da kansa.

Na tambaye shi ko gaskiya ne yana kashe jarirai.  Sai ya ce shi ya kashe 'yar ƙaninsa, satinta biyu a duniya. Ban sake tambaya ba.

Talata, 14 ga Mayu

Daga bakin ƙofa nake kallon jikan nawa. Kunnuwan marigayi mijina ya ɗauko, sak. Da mai gidan yana raye da ya yi mini dariya, ya ce tsohuwa da kishin jariri. Surukata ta ɗaga shi sama don in gani da kyau. Idonta ya yi ja, ba ta samun barci. Ban ce mata sannu ba, na dai kai mata ruwan zafi na ajiye.

Asabar, 18 ga Mayu

Ɓawon ya faɗi shekaranjiya, wurin ya yi sumul. Ban gaya wa kowa ba.

Yaya ta zo barka. Tana murmurewa daga mura, ga abin nan jajir a leɓenta. Ta sunkuya kan jaririn, surukata ta daskare, kunya ta hana ta magana. Ban san lokacin da na sa hannu a tsakani ba. Na ce, "Yaya, daga nesa." Ta ce ashe ni ma na zama nas. Ta tafi ko ruwa ba ta sha ba. Za ta huce, ko kada ta huce.

Bayan fitarta surukata ta dubi bakina, ta ɗora mini jaririn a cinya. Na ce ta ɗan riƙe shi tukuna, in je in wanke hannu.